Rabin Maganin Yero

Tarin ya fara ne da damina, gero bai kai gwiwa ba. Kafin girbi, Armaya'u, mai kula da masu tarin fuka a wani ƙaramin asibiti a yankin Ruma, ya aika kakin mutum goma sha bakwai Batsari gwaji, aka samu cutar a jikin tara. Daga Safana ma irin labarin ke zuwa. Hukumar lafiya ta turo mota mai ɗaukar hoton ƙirji, aka yi ta shela a masallatai cewa duk wanda tarinsa ya haura mako biyu ya fito, magani kyauta ne. Sai dai motar iyakarta inda kwalta ta ƙare. Sauran ƙauyukan, Armaya'u ne da babur ɗinsa.

Da yake bin gidaje yana tambaya, sai ya lura kusan duk gidan da tarin ya fara shiga, akwai wanda ya taɓa zama a hannun mutanen daji, masu satar mutane.

Yero na cikinsu. Dattijo ne makiyayi, an kore masa shanu, shi ma aka riƙe shi wata uku kafin a sako shi. Armaya'u ya ɗora shi kan maganin wata shida, yana ba shi na mako bibbiyu saboda hanya ba ta biyuwa kullum. Waɗanda suka fara tare da shi har sun soma murmurewa, shi kuwa sai ƙara zubewa yake yi, riga na reto a jikinsa.

Wata Talata da hantsi Armaya'u ya same shi a rugarsa. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, ya ce, "Baffa, ka gafarce ni. Tun da ka fara shan maganin nan, fitsarinka na yin ja?"

"Wata rana ya yi, wata rana bai yi ba."

"Mai shan sa kullum, kullum yake yi."

Yero ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Likita, Halima na can hannunsu," ya ce. "Uwar 'ya'yana. Ni kaɗai suka saki. Mu goma sha huɗu ne a bukka ɗaya, mai gadinmu in ya yi tari jini yake tofarwa a bakin ƙofa. Yanzu babbansu ma ya kamu. Da suka ji an sa ni a magani sai suka kira. Duk bayan mako biyu, ran Laraba, nakan kai musu rabin maganin gindin wata kuka a bakin dajin. Sun ce suna ba ta daga ciki."

Armaya'u ya ce, "Baffa, cutar nan in aka ba ta rabin magani ba mutuwa take yi ba, wayo take ƙarawa. Ran da ta saba da shi, ko buhu ka sha ba za ta ji ba. Kai da su da ita, duk haka."

"To in ban kai ba fa?"

Armaya'u ya ɗauko robar kaki ya miƙa masa. Ya karɓi sabon kaki, ya nufi Batsari, ya zayyana wa shugabarsu Hajiya Ramlat komai. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Mutum nawa suka sako tun farkon damina?"

"Wa ya sani, Hajiya? Wasu sun yi garin Tsaskiya, wasu ko sunansu ba mu ji ba."

Sakamakon ya fito bayan kwana huɗu: tarin nasa irin wanda ba ya jin maganin farko ne. Dole a kwantar da Yero a Katsina. Ya ƙi, ya yi rantsuwa, har sai da ya faɗi a bakin rijiya, 'ya'yansa suka ɗauke shi suka sa a mota. Larabar nan ba wanda ya je gindin kuka.

Ran Asabar da azahar aka zo aka ce wa Armaya'u wasu a kan babur sun ajiye wata mata a bakin gonaki sun juya. Ya ɗaura takunkumi ya tafi. Ya tarar da ita zaune jikin tarin karan dawa, ƙashi da fata, mutane sun tsaya nesa suna kallo.

"Sannu, Inna. Ke ce Halima?"

Ta gyaɗa kai. Sai da tarin ya sake ta sannan ta iya magana.

"Ko ƙwaya ɗaya ba su taɓa ba ni ba. Sun sallame mu ne don mun dame su da tari, mu shida, kowa ta hanyarsa." Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Kai ne Armaya'u?"

"Ni ne."

"Sun ce in gaya maka su tara ne ke tarin yanzu. Sun ce sun san ɗakin da kake ajiye maganin."

Ya juya ya dubi dajin. Ba abin da ke motsi. Ya tsuguna ya miƙa mata robar kaki, ya ce, "Inna, sauran biyar ɗin, faɗa mini sunayensu da garuruwansu."