Ƙwan Fitila Goma Sha Ɗaya

Wata uku Yaya tana zarya kafin ta samo wa ƙaninta Auta ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Yau ga su a ofishin, ita da shi da Mama, kuma Mama na neman ɓata komai.

"Yana samun barci?" in ji likita.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi," Mama ta cafe.

"Yana jin muryoyin da wasu ba sa ji?"

"Wa? Autana? Gajiya ce kawai. Mai gyaran wuta ne, aiki ya yi masa yawa."

Yaya ta ji kamar ta fashe. Matar da ta kai shi gun masu ruƙiyya har uku, ta turara gida har labule ya yi baƙi, ta ce aljanu ne, ta dawo ta ce sammu ne, yau ita ke cewa gajiya! Duk don kar a rubuta hauka a takarda, dangi su ji.

Auta dai ya sunkuyar da kai, yana satar kallon fitilar sama.

Likita ya fara rufe fayil. "To ya je ya huta. In kun ga wani abu, ku sake neman rana."

Wani wata ukun ke nan! Yaya ta zuge jaka, ta shiga jera ƙwan fitila a kan tebur, har goma sha ɗaya.

"Likita, ga gajiyar. Duk shi ya kwance su daga gidanmu, wai ta ciki ake zaginsa. Jiya wayar mita ya kama da hannu zai tsinke."

Mama ta mintsine ta. "Ke 'yar nan, za ki tona mana asiri?"

"Wane asiri, Mama? Sati shida muna girki da hasken waya, duk unguwa ta gani! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Likita ya sake buɗe fayil, ya juyo da kujerarsa wajen Auta. "Malam, kai nake tambaya. Me suke ce maka?"

Mama ta buɗe baki. Yaya ta danne mata hannu.

Auta ya nuna sama. "A kashe waccan tukuna. Ta fi na gida surutu."

Likita ya tashi da kansa ya kashe, ofis ya yi duhu. Mama ta ja dogon tsaki. Amma ita ce ta miƙe ta yaye labulen taga, don likita ya ga abin da zai rubuta.