Ranar da Ungozoma Ta Ƙi Yin Faɗa

Duk matan unguwa sun san ungozomar asibitinmu da masifa. In ta daka miki tsawa, to lafiyarki ƙalau.

Da naƙuda ta fara mini, na je. Ta duba ni ta ce, "Bakin mahaifa yatsa biyu kacal ya buɗe, kike wannan raki? Tashi ki zazzaga!"

Kafin in sauko, ta ɗora abin jin bugun zuciyar jariri a cikina. Ta kai shi hagu, ta dawo dama, ta daɗe.

A hankali ta ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da jin motsinsa?"

"Shekaranjiya."

Sai ta riƙe hannuna.

Na ce, "Don Allah Anti, ki yi mini faɗa."

Ba ta yi ba.