Karkataccen Kitson Direba

"Zauna nan. Wa ya yi miki wannan ɓarnar a ka?" Tela ta tambayi Gimbiya, ko da yake ta san amsar. Uban yarinyar ne, Direba, maƙwabcinta, ga shi can jingine da ƙofar shagonta na ɗinki yana tari yana murmushi.

Tun da matarsa ta rasu ya nace shi zai riƙa yi wa 'yarsa kitso. Layi ɗaya ya nufi kunne, ɗaya ya nufi ƙeya. Duk mako sai Tela ta ture keken ɗinki ta tsefe ta sake, shi kuwa ya ja benci ya cika ta da labarin matan da yake nema.

"Ina malamar makarantar?" Tela ta tambaye shi.

"Dariyarta ta yi ƙarfi, Maƙwabciya."

"Mai kantin fa?"

"Ita kuma ba ta dariyar sam."

Haushi kamar ya kashe ta. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, ga ta a gabansa, amma bawan Allahn nan sai ya zagaye gari ya dawo ya zauna mata a benci yana sosa ƙeya. Ta yi rantsuwa ba ita za ta fara furtawa ba.

Da tarin ya kwantar da shi a asibiti, ta je dubiya ta tarar yana kitsa kan Gimbiya a bakin gado, da robar ƙarin ruwa a hannu.

"Baban Gimbiya, ko a nan ma ba za ka bar kan yarinyar nan ya huta ba?"

"Maƙwabciya, dama akwai maganar da nake so in yi miki."

Ta ajiye kwanon abinci ta gyara zama. Ya dube ta, ya dubi silin.

"Tagar nan, ko za ki ɗan tura ta?"

Ta tura tagar da ƙarfin da ya sa mai jinyar gadon kusa ya waiwayo. Washegari ya cika.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Gimbiya ta shigo shagon ta zauna tsakanin ƙafafun Tela ba tare da an kira ta ba. Tela ta ɗauko mataji tana tsaki, idonta na zafi.

"Mutum ya tafi bai koyi ko tsaga ba."

"Anti, Baba ya iya kitso. Shi yake yi wa Mama da ta kwanta ciwo. Cewa ya yi in ya yi daidai, ba za ki kira mu ba."

Tela ta daɗe tana kallon layin da ya nufi kunne. Ta mayar da matajin cikin aljihun keke, ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali a hankali.