Kitsen Tarwaɗa

Inna na gyaran kifi a bakin tafki lokacin da likitar ruwa ta dawo. Haka masunta suka raɗa wa matar nan da ta zo watan jiya da dogon bututu, ta caka shi cikin laka ta cika kwalabe.

"Sannu da aiki, Inna. Sakamako ya fito."

"To, ai ga ruwanmu garau kamar idon jariri."

"Ba a ruwan abin yake ba, a laka yake kwance. Maganin hana gobara ne da ake zuba wa katifa da kujeru. Daga jujin da ke saman kogi ruwa ke kwaso shi, shekara da shekaru. Tarwaɗa kuwa a laka take kiwo."

Inna ta yi dariya, ta nuna murhu da wuƙa. "'Yar nan, ni ba ɗanye nake ci ba. Me ya gagari wuta?"

"Shi ɗin dai. Don ya jure wuta aka yi shi. Dafuwa ba ta kashe shi. A kitse yake taruwa, daga nan ya bi nono."

Wuƙar ta tsaya a hannun Inna.

Wata huɗu ke nan da autarta ta haihu. Tun cikin yana ƙarami, kullum Inna sai ta ware tarwaɗa mafi ƙiba, ta yanko tumbin mai maiƙo ta kai mata, ita Inna ta tsotsi kai. Har faɗa take yi in an rage.

"Autata na shayarwa. Akwai allurar da ke wanke shi?"

Likitar ta sunkuyar da kai. "Babu. Ta daina cin kifin dai. Nono kuwa kar ta yanke, amfaninsa ya fi yawa."

"Lakar fa? Wa zai kwashe?"

"Na rubuta rahoto."

Inna ta koma gida da kwano wayam. Auta na zaune a kan katifa, ta yi kumatu luwai.

"Yau ina rabona, tsohuwa? Ko kin cinye a hanya?"

Inna ta zauna a bakin ƙofa ta faɗa mata duka, a hankali, tana kallon faratanta. Kafin ta rufe baki jaririn ya farka yana tsala kuka, yana lalubar rigar uwarsa.

Auta ta kama maɓallin rigar, ta kasa ɓallewa.

"Inna, in ba shi?"

Inna, da ba a taɓa tambayarta abu ta rasa amsa ba, ta dubi ɗan bakin nan da ke neman abinci.

"Ba shi," ta ce. "Me muke da shi ban da shi?"