Jujin Mainasara

"Idan ka ƙyasta ashanar nan, yaro, sai dai ka haɗa da ni."

Haka na ce wa duba-gari, ga shi da kwalbar kananzir a bakin jujin maƙwabcina Mainasara. Ni da agana ta taɓa ta bar ni, ni da ɓauna ta tunkuya a dajin Kamuku na dawo gida da ƙafata, wannan mai gajeren wando zai tsorata ni?

"Baba, ƙuda ya yi yawa. Nan da faɗuwar rana in ba a kwashe ba, wuta ce."

Jujin nan fa ba shara ba ce kawai. Duk rani Mainasara yake bin gidajen unguwa yana kwashe toka da kashin awaki da sharar tsakar gida. Gwangwani ya ware wa mai ƙera fitila, kwalabe ga masu man gyaɗa, sauran ya tara ya ruɓe ya zama taki. Gonarsa tsakuwa ce, ba taki ba dawa. Ga shi tari ya kwantar da shi, ga hadari ya fara haɗowa.

Na leƙa ɗakinsa. Ya rame, sai idanu.

"Nababa, sun ƙona?"

"Ina raye?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. "Kada ka baza. Tsibi-tsibi za ka zuba, sai ruwa ya sauka. Kai mafarauci ne, ba ka san taki ba."

"Mutum na kwance, bakinsa na tsaye!"

Na ɗauki kwando, na fara kai takin gonarsa. Matarsa Lydia ta saɓa nata a kafaɗa irin na mutanensu Gbagyi. Matan da ya shekara yana kwashe musu shara suka fito ɗaya bayan ɗaya, har Huraira mai ƙosai da tsohon ciki. Ba wadda ta kai ni sawu, a tambaya.

Da la'asar na koma in gaya masa saura kaɗan. Na tarar an ja masa zane har ka.

Lydia ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna jim, ta tashi ta ɗauki kwandonta. Duba-gari ya zo ya sami wuri a share, ya cire hularsa.

Bayan an binne shi ruwan farko ya sauka. Na bi ta gonar da safe. Tana can ita kaɗai da fartanya, tana baza tsibin farko, baƙin taki yana tururi.