Ranar da Jurandir Ya Ƙwace Tashar Gari

Seu Jurandir mai gyaran firiji mutum ne da za ka zauna da shi tun safe har rana ta take ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "to" da "haka ne". Ba mugu ba ne, ba kuma girman kai gare shi ba. Bakin ne kawai Allah ya yi masa da nauyi. Duk garin Cajazinho an san haka, matarsa Dona Zuleide kuwa ta fi kowa sani, tunda shekara talatin da 'yan kai tana dafa masa wake tana jiran kalma guda mai daɗi.

Abin ya ɓaci ne ranar da maƙwabcinsu ya aiko wa tasa matar motar saƙo. Yadda dai aka saba: mota mai lasifika ta tsaya a ƙofar gida da rana tsaka, aka saki waƙa, aka harba wasan wuta sama, wani mai zaƙin murya ya riƙe makirufo yana zayyana wa matar irin son da mijinta yake mata, unguwa ta fito kallo. Matar ta sha kuka, Zuleide ta taya ta. Da ta shigo gida tana share ido, sai ta ce, "Jura, kai da za ka aiko min, me za ka ce su faɗa?"

Jurandir yana tsugune bayan wani firiji, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Me zai sa in ɗauko wani ƙato ya gaya miki abin da kika riga kika sani?"

Shi a ransa ya yi magana mai daɗi ke nan. Washegari ta haɗa jakarta ta koma gidan yayarta Creuza a ƙarshen gari. Makonni suka shuɗe ba ta dawo ba. Sai ga labari cewa ranar Lahadi za ta hau bas zuwa birnin Recife wajen ɗansu, kuma Creuza da kanta ta sayo tikitin, na tafiya kawai. Ita dama Creuza tun ranar aure ba ta ga abin so a jikin Jurandir ba.

Ranar Asabar da safe ya tuƙa tsohuwar motarsa Fusca zuwa shagon Nivaldo mai gyaran waya da rediyo, amininsa, wanda ya tsaya wa ɗan Jurandir ranar baftisma. Nivaldo ko barci yake bakinsa ba ya hutawa. Shi kaɗai ne Jurandir yake iya buɗe wa cikinsa, shi ma sai kofi ya zagayo sau biyu.

Jurandir ya yi bayani a taƙaice. Akwai wata waƙar forró, kiɗan rawa na yankinsu, da shi da Zuleide suka fara rawa da ita a bikin São João, tun yana saurayi mai gashi. Kaset ɗinta rediyon motar ya tauna shi tuntuni, amma ɗansu ya turo masa ita a waya. So yake ya tsaya a ƙofar Creuza ya saki waƙar da ƙarfi, waƙar ta yi magana a madadinsa. Matsalar ita ce muryar wayar ko karnukan Creuza ba za ta tsallake ba.

"Wato motar saƙo za ka yi, ba saƙon," in ji Nivaldo. "Kai, mutumina, Allah ya shirye ka."

Ya jawo akwati ya ciro wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba, ya cusa ta a ramin kunna sigari na motar.

"Ka ga wannan? Ƙaramar tashar rediyo ce. Wayarka ta ba ta waƙa, ita ta watsa a iska, rediyon motarka ya kama. Sai dai a nemi lambar da babu kowa a kanta, a kai su can su biyu."

Ya kama maɓallin rediyon ya murɗa, maɓallin ya biyo hannunsa.

"Tun yaushe wannan ya mutu?"

"Ya daɗe," in ji Jurandir.

Allurar rediyon ta maƙale ne a kan tashar gari, 'yar tashar nan da ke bayan coci mai sanar da mutuwa da ɓatan akuya da lokacin tashin bas. Bai taɓa damuwa ba, don duk Cajazinho ita ake ji, daga aski har kicin. Nivaldo ya sosa ƙeya ya ce ba komai, a kai na'urar kan lambar tashar. Tunda a cikin mota ita ta fi kusa, ita za ta yi rinjaye. Ya yi gaskiya. Abin da bai kawo a ka ba shi ne iska ba ta san inda mota ta ƙare ba.

Suka danna wayar. Sanarwar wata jana'iza ta yanke a tsakiya, sai ga kiɗan akodiyon na waƙar ya cika Fuscar, har ƙofofin suna rawa. Jurandir ya buɗe ƙofa. Ya fita ya tsaya yana duba taya, alhali tayar lafiyarta ƙalau.

Da yamma ta fara sanyi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya kama hanya a hankali waƙar tana tashi. A ƙofar shagon aski ya ga wanzami ya bar kan mutum rabi yana jijjiga rediyonsa. Mai burodi yana marin nasa. Wasu tsofaffi biyu a baranda suka bi motar da kallo baki buɗe, ɗayar har tana gyaɗa kafaɗa. Jurandir ya ɗaga musu hannu, ya ɗauka rigar ce ta yi masa kyau.

Yana hango koren gidan Creuza sai ya rage gudu. Ya kashe waƙar. Maimakon ya tsaya a ƙofa, sai ya lallaɓa ya raɓe ƙarƙashin mangwaron da ke gefe, jikin bangon kicin, ya ɗaga gilasai duka. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske: in ya saki waƙar ta leƙo ta rufe taga fa? Ya zauna yana gumi, daga bisani ya kira Nivaldo. Muryar Nivaldo ta fito ta lasifikar motar, ras.

"Yaya? Ta fito?"

"Ba zan iya ba," Jurandir ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ba za ka iya me ba? Danna waya? Haba Jurandir! Ko Creuza kake tsoro, waccan mai fuska kamar an matse lemon tsami?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Ba kai ne ka zauna a shagona kana gaya min ka daina kwana a gado ba, sai a ragar lilo ta baranda, don ba ka iya kallon gefenta? Ba kai kake zuba kofi biyu kowace safiya ba, ɗaya ya huce ka zubar? Wa ya ce min yana tsayawa a bayan coci ranar Lahadi don kawai ya ga ƙeyarta? Ni? Ƙeya fa, mutumina! Mutum da furfurarsa yana zuwa coci kallon ƙeyar Zuleide!"

"Nivaldo."

"Shuke-shukenta ma hira kake musu kana ba su ruwa. Shuka kana iya yi mata magana, matarka ba ka iyawa. Gobe bas zai ɗauke ta, sai ka auri firiji!"

Tagar kicin ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango. Creuza ce, rungume da jan rediyonta, idanu waje. Jurandir ya sauke gilas.

"Wace ce lemon tsamin?" ta daka tsawa.

"Kai, muryar wa nake ji?" in ji Nivaldo. Tambayar ta fito daga motar, ta kuma fito daga rediyon da ke hannun Creuza, ta fito daga na maƙwabcin da ke tsallaken hanya, wanda ya riga ya fito da kujerarsa. Nan take Nivaldo ya kashe wayarsa. Tashar gari ta dawo tana neman wata akuya mai baƙin kunne.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, Jurandir da ya shige da motarsa gaba ɗaya. Mutane sun fara taruwa, wasu da rediyonsu a hannu, kowa yana danne dariya. Sai ga Zuleide ta zagayo ta ƙofar gefe, hannuwanta duk garin masara, ta tsaya daidai tagar motar. Ta ɗan rame. Ya ga haka, ya ji zafi a ransa.

"Jura, abin da mutumin nan ya faɗa gaskiya ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Gyaɗa kai ba magana ba ne. Kuma ni ba Nivaldo na aura ba."

Ya kai hannu wajen wayar da sauri, zai saki waƙar ta cece shi. Ta miƙo hannu ta taga ta dafe nasa, garin masara ya shafi farar rigar.

"Bar ta. Na san waƙar, ina kuma son ta. Amma mai waƙar ma ba shi na aura ba."

Babu sauran wurin ɓuya. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

"Leide," ya ce mata, "ni ban iya ba. Kin san ban iya ba." Ya murza hular a hannunsa. "Kar ki hau bas ɗin nan. In kin tafi, ban san wa zan zauna in yi wa shiru ba."

Wata mata a cikin taron ta ce, "Allah sarki." Zuleide ba ta motsa ba, jira take. Ya dubi ƙasa, ya dubi mangwaro, sannan ya dube ta.

"Ina son ki," ya ce, kamar mai raɗa.

"Mu nan ba mu ji komai ba!" in ji Creuza daga taga.

Jurandir ya juyo. Ban san daga ina ƙarfin halin ya zo masa ba, amma ya cika ƙirji ya kwarara maganar da muryar da Cajazinho ba ta taɓa sanin yana da ita ba, har karnuka suka ɗauki haushi: "Na ce ina son ta! Ina son matata! Tun daren da ta taka min ƙafa a wajen rawa nake son ta, kuma ban taɓa dainawa ba, ko na yini ɗaya, kuma..."

Zuleide ta rufe masa baki da tafin hannunta. Dariya take, hawaye yana gangarowa yana wanke garin da ke kumatunta.

"Ya isa, Jura, na ji," ta ce. "Kar ka ƙarar da su duka yau. Rage min na gobe."