Furen da Baba Ya Jira

Mahaifina masanin tsirrai ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a cibiyar bincike, rabin kowace shekara kuwa a kurmi yake yin ta, irin kurmin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, rana ba ta taɓa ƙasa sai da dabara. In ya dawo, ƙafafunsa duk cizon matsattsaku, jakarsa cike da ganyayen da ya danne a tsakanin tsofaffin jaridu. Umma takan ce ita mutum ta aura aka kawo mata akuya. Sai ya yi dariya ya ce akuyar ma ɗalibarsa ce.

Ina 'yar shekara shida ya gano wata bishiya da ganyenta da ɓawonta ba su yi kama da komai a littattafansu ba. Sai dai a ƙa'idar aikinsu, ba a raɗa wa bishiya sabon suna sai an ga furenta. Ita kuwa ta ƙi fure. Ya buga mata lamba a jiki, ya bar sallahu wurin mai gadin kurmin, wani dattijo da ake kira Dogo, cewa ranar da ya ga toho ya kira shi.

Shekara ashirin da uku ana jira. Baba ya yi ritaya, ɓarin jikinsa ya shanye, muka sauko da gadonsa falo don ba ya iya hawa bene.

Wata Talata da hantsi Dogo ya kira. Ni na kara wa Baba wayar a kunne. Ya saurara, sannan ya dube ni, maganar na fita a karkace: "Ta yi."

Ya yunƙura zai tashi, Umma ta dafe kafaɗarsa. Na kira cibiyar, suka ce motarsu na wurin gyara, sai mako mai zuwa. Baba ya girgiza kai. Irin wannan fure ba ya wuce kwana huɗu.

"Baba, ni zan je," na ce.

Ni malamar lissafi ce, ban san komai a harkar ganye ba. Ya shiga yi min bayanin yadda ake shimfiɗa fure a jarida a matse shi da katako. Harshensa ya yi nauyi, rabi kawai nake kamawa, kuma duk sanda na ce ya maimaita sai idonsa ya ciko. Na ce masa na gane.

Yini guda a mota, wani yinin a ƙafa ni da Dogo, laka har gwiwa. Furannin a jikin kututturen suka fito, ƙanana, jajaye, da ƙamshi kamar na lemo. Dogo ya yanko min da wuƙarsa. Kafin in buɗe jaka ruwa ya kece, jaridun suka zama dagwalo, wayata ta jiƙe ta mutu. Sai na zuba furen a leda na ƙulle tamau, a ganina na kare shi ke nan. Da muka fito muka tarar kogi ya shafe gada. Kwana biyu muka yi a bakinsa.

A gaban Baba na kwance ledar. Wari ne ya fara fitowa. Furen ya narke, ya zama baƙin ruwa da 'yan tsinkaye.

Ya ce a miƙo masa gilashinsa na duba ƙananan abubuwa. Ya daɗe yana tona ruɓaɓɓen da bakin allura, da hannunsa mai lafiya. Umma ta sulale ta shige kicin.

"Kunnuwan furen guda nawa ne?" ya tambaye ni.

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Malamar lissafi guda," ya ce, ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin bakinsa. Na fashe da kuka. Ya ajiye allurar ya kama yatsuna.

"Ya isa, uwata. Zauna ki gaya min yadda bishiyar take. Ta ƙara tsawo?"

Na zauna na ba shi labari har aka kira la'asar, idonsa a rufe. Daga ranar bai sake ta da zancen ba, ni ma ban iya ba.

Bayan wata biyar ya rasu. Cibiyar ta aiko a kwashe akwatunan ganyensa, guda arba'in da ɗaya. Ma'aikacin da ke jera su ya zo kan fayil ɗin bishiyar, ya ga gurbin suna babu komai, ya tambaye ni me zai rubuta. Na ce ya rubuta ba a tantance ba. Ya rubuta, ya miƙo min biro in sa hannu a madadin Baba.